Ƙungiyar samarin ƙauye da aikin gyaran muhalli a Arewacin Kamaru: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin samari da 'yan mata na ƙauyukan Diamare, Mayo-Kani, Mayo-Luti da Binuwai idan zancen kafa ƙungiyar aikin sa kai ya taso. An sa musu lamba don a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mene ne bambancin ƙungiya da gayyar da muka gada?

Gayya takan taru don aiki ɗaya, ta watse in an gama: noman gonar wani dattijo, ɗora jinka, yasar rijiya. Mai gayya ya ba da abinci, a ci, kowa ya kama gabansa. Ƙungiya kuwa tana ɗaukar aikin da ba ya ƙarewa a yini ɗaya, kuma ba shi da mai gayya. Itacen da aka dasa a harabar makaranta yana neman ruwa har rani biyu, kwatar bakin kasuwa tana sake toshewa kowace damina. Shi ya sa ake bukatar littafin suna, ranar taro, da wanda za a tuhuma idan abu ya lalace. Amma kada a yar da gayya. Ranar haƙa ramuka ko jawo ƙaya, ita za ku kira.

2. Mu nawa za mu taru, kuma ta ina ake farawa?

Mutum goma sha biyu da za su fito ranar aiki sun fi ɗari da suka ba da suna kawai. A fara da kai gaisuwa wurin jauro ko lawan, a tafi da dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, a faɗi abin da ake son yi da inda ake son yin sa. Idan garin na da sarkin samari, kada a tsallake shi, don wanda aka tsallake da fari shi ke zama mai sukar aikin daga baya. Limami da fasto da shugaban makaranta su ma a sanar da su.

Aikin farko ya zama ƙarami, wanda kowa zai gani, wanda za a gama kafin rana ta take: share bakin famfo da gyara inda ruwansa ke kwanciya, ko kwashe jujin da ya tare hanyar kasuwa. Zaɓen shugabanni da ɗinka riga iri ɗaya su biyo baya. Ƙungiyar da ta fara da rabon muƙami takan yi shugaba da mataimaka uku da kakaki tun ba ta mallaki ko shebur ɗaya ba.

3. Dole ne mu yi rajista wurin hukuma?

Don share unguwa ba wanda zai tambaye ku takarda. Amma ranar da kuka nemi buɗe asusu da sunan ƙungiya, ko rubuta wa meri, wato ofishin magajin gari, takardar neman taimako, ko karɓar kayan aiki daga masu agaji, za a ce ku kawo shaida. Dokar da ta tsara wannan ita ce mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990. Ana kai sanarwar kafa ƙungiya ofishin firefe, wato babban jami'in mulki na yankin da mazauninta yake, haɗe da kwafi biyu na tsarin mulkinta, da suna da sana'a da mazaunin waɗanda za su ja ragamarta. Idan takardu sun cika, a ba ku takardar shaida da ake kira récépissé. Dokar ta kuma ce idan firefe ya yi wata biyu bai ce uffan ba bayan an ajiye takardu, shirun nasa amincewa ne. Don haka ku tabbata an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za ku koma da shi gida.

Ku nemi malamin makaranta ya taya ku rubutun Faransancin, amma a fassara wa kowa abin da ke ciki da Hausa ko Fillanci kafin a sa hannu. Kwafo tsarin mulkin wata ƙungiyar birni ba tare da an san me ya ƙunsa ba, shi ke kawo cacar baki ranar da kuɗi ya shigo.

4. An ce mana gara mu yi GIC, wato ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu sana'a. Wanne ya fi?

Ya danganta da niyyarku. Ƙungiyar da aka yi bayani a tambaya ta 3 ba ta raba riba tsakanin 'ya'yanta. Idan kuna son sayar da dashe ko taki, ko gina murhu a biya ku ku raba, GIC ta fi dacewa. Dokar 92/006 ta 14 ga Agusta 1992 ce ta kawo ta, mutum biyar sun isa su kafa ta, kuma a ma'aikatar noma ake rajistarta. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a fara da ƙungiyar sa kai, in lambun dashe ya kankama waɗanda ke wahalarsa su kafa GIC, asusun kowacce daban.

5. Daga ina kuɗi zai fito?

Daga aljihunku tukuna. Zubi kaɗan kowane mako, irin na adashi, ko da sefa 100 ne, ya isa a fara sayen shebur da diga da manjagara da jarkoki, baro ya biyo baya. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, kuma a faɗi abin da ke cikin asusu a kowane taro ko ba wanda ya tambaya. Wasu ƙungiyoyi kan roƙi lawan aron gona su noma gyaɗa ko wake, abin da aka samu ya shiga asusu.

Akwai tarko ɗaya. Idan wani shiri ya zo ya biya kuɗin yini don aikin da kuka saba yi kyauta, ranar da shirin ya tafi ba za ku ga kowa ba. Ku yanke tun kafin ya zo cewa wani kaso na irin wannan kuɗin asusu zai shiga, kuma ranar aikin ƙungiya tana nan ko da biya ko babu.

6. Wane aiki ake yi a wane lokaci?

Ruwan sama ke tsara wannan. A Marwa damina takan kankama daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara wajen milimita 800. A Garwa takan riga haka sauka ta kai Oktoba, wajen milimita 1000. Kusiri ba ta kai ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka Maris da Afrilu na cika leda ne da shuka iri, Mayu da Yuni na yasar kwata da haƙa ramuka, dashe kuma daga Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Da an fara girbi sai ƙarfafa shinge da share ciyawa kewaye da dashe saboda gobarar daji. Daga Disamba har ruwa ya sauka, ban-ruwa ne. Garuruwan bakin Logone, wajen Yagwa da Maga, waɗanda suka sha ambaliya a 2012 da 2022 da 2024, su aikinsu na Yuni ya haɗa da tanadin buhunan yashi da toshe inda gaɓa ta zaizaye.

Ranakun biki ba su san wannan tsari ba. Ranar Matasa, 11 ga Fabrairu, ta dace da shara da ƙwallo da fareti, amma itacen da aka dasa ran nan zai shiga zafin Maris bai kafa saiwa ba. Ranar Muhalli ta 5 ga Yuni da ta yaƙi da hamada ta 17 ga Yuni ma sau da yawa sukan riga zaman damina a Arewa Mai Nisa. In manya sun nace sai an dasa don hoto, a dasa biyu ko uku kusa da famfo, a ajiye sauran sai Yuli.

7. Wane irin itace ya kamata mu dasa?

Ku fara tambayar kanku: a ina, kuma don me? Don inuwa a makaranta da kasuwa da bakin hanya, da wuya a samu kamar dogon yaro, duk wanda ya bi titunan Marwa ya ga shaida. Sai dai ba itacen tsakiyar gona ba ne, inuwarsa na danne shuka. Turare na ba da sandunan rufi da sauri, amma mashayin ruwa ne, a nisanta shi da rijiya da lambu. A gona, gawo ne sarki (duba tambaya ta 11). Don shinge akwai bagaruwa, magarya, aguwa da bini-da-zugu. A fako, wato ƙasar da Fulani ke kira harde, ƙayoyi irin su dakwara da aduwa da bagaruwa ne ke jurewa, su ma sai an yi musu ramin rabin wata da zai tare ruwa. Kuka da tsamiya da maɗaci ba sa sauri, amma a sa ko kaɗan ne.

A cikin gidaje kuwa ku raba zogale da gwaba da mangwaro da lemun tsami. Itacen da uwar gida ta san miya ko kuɗin kashewa zai fito daga gare shi ba ya kwana da ƙishi.

8. Za mu iya renon dashe da kanmu?

Ƙwarai, kuma ya fi jiran wanda za a kawo a mota ya iso a galabaice. Ana bukatar wuri kusa da ruwa, shinge mai kyau, da rumfar zana. A gauraya ƙasa da yashi da takin da ya ruɓe sosai, a cika ledoji, a huda gindinsu. Ledar ruwan sha da ake zubarwa a kasuwa tana yin wannan aiki, kun ga an rage shara ke nan.

Irin bagaruwa da gawo da kuka da tsamiya ɓawonsa tauri gare shi. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin a bar shi ya kwana, ko a ɗan kankare gefensa da abin yankan farce. Wanda aka tsinto a garken awaki ya riga ya bi ta cikin dabba, yakan tsiro ba wuya. Irin dogon yaro kuwa ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, a shuka shi da zarar an tsinta. A riƙa ɗaga ledojin duk bayan mako biyu don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Wata uku zuwa huɗu sun isa, kuma kafin a fitar a rage ruwa da inuwa don dashen ya saba da rana. Gawo dai kada ya daɗe a leda, saiwarsa ƙasa take nufa.

9. Bara mun dasa ɗaruruwa, kusan duk sun mutu. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta ba ta cika wuce abu biyar ba: an makara dashe, awaki sun ci, gara ta ci, ƙishirwar bazara ta kashe, ko itacen ba shi da mai shi. Akwai na shida mai ban haushi, wato a binne dashe da ledarsa. Ramin ya kai santimita 40 zurfi da faɗi, a yage ledar a hankali, a yi ɗan gurbi kewaye da gindin don ruwa ya tsaya, a barbaɗa toka saboda gara. Shinge kuma a tanade shi kafin ranar dashe, na ƙaya ne ko na tubali da aka jera da ƙofofin iska. Duk wanda ya ce "gobe ma yi shinge", akuya ta riga shi.

Sai lissafin ruwa, wanda ba a cika yin sa ba. A ce kowane itace zai sha lita 10 sau biyu a mako a cikin rani. Itace 200 ke nan lita 4000, wato jarka 200 ta lita 20 kowane mako, a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mata na layi a famfo tun asuba. Wace ƙungiyar ƙauye ce za ta iya? Itace 30 kuwa jarka 30 ne, mutum goma sha biyar kowa jarka biyu. Ku fara ƙidaya jarkokin da za ku iya ɗauka, su za su gaya muku yawan abin da za ku dasa. Binne tulun ƙasa kusa da gindi a riƙa cika shi a rufe bakinsa yana rage wahala, don ruwan na tsattsafowa a hankali inda saiwa take. A sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, kusa da Mokolo, an yi amfani da irin wannan dabara, da wani mazubin kwali mai kewaye dashe da ake cikawa da ruwa a binne.

Kowane itace a ɗaura wa mutum ɗaya ko gida ɗaya, a rubuta a littafi. Ƙidaya kuma a watan Mayu ake yin ta, ba a Agusta ba. A Agusta kowa gwani ne.

10. A ina za mu dasa ba tare da mun jawo rigima ba?

A ƙasarmu dasa itace kamar kafa shaida ne cewa fili naka ne, shi ya sa mai aron gona ba ya dashe sai da yardar mai ita. Wuraren da suka fi sauƙi su ne makaranta, asibiti, masallaci, coci, kasuwa da maƙabarta. Ko a nan ma a zauna da lawan da mai kula da wurin, a rubuta 'yar takarda: wa zai ci 'ya'yan, wa ke da izinin sassabe reshe, wa zai biya idan dabbar wani ta yi ɓarna. Ku kuma sanar da jami'in gandun daji na yankinku abin da kuka dasa, don kada wata rana a ci ku tara a kan itacen da ku kuka raine shi.

Burtali da makiyaya da mashaya, ku bar su yadda suke komai kyan wurin. Faɗan da ya ɓarke a Logone-Birni a 2021 tsakanin masunta da makiyaya, ya raba dubban mutane da gidajensu, a kan ruwa ya faro. Ku gayyaci arɗo tun ranar shawara. Makiyayin da aka yi shawara da shi yakan kauda garkensa da kansa.

11. Garinmu ruwan sha ma da ƙyar. Mu haƙura ke nan?

A'a. Akwai aikin da ba ya neman ko lita ɗaya. Gonakinmu cike suke da kututturen sabara da kalgo da aduwa da gawo masu rai, waɗanda ke tohowa kowace shekara a sare su lokacin sharar gona. Maimakon a sare duka, a zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, a cire sauran, a ɗaura ƙyalle don mai garma ya kauce. Da yake saiwar ta daɗe a ƙasa, girmansu ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba. Manoman Maraɗi a Nijar sun rungumi wannan tun shekarun 1980, suna ce masa sassaben zamani. A nan gida ma, a shekarun 1990, shirin raya karkara na DPGT, na kamfanin auduga Sodecoton, ya riƙa ba manoma ɗan tukuici a kan kowane ƙaramin gawo da suka bari a gona.

Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa dawa rana. Da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru a gindinsa su bar taki. Aikin ƙungiya a nan shi ne bin gonaki da yardar masu su kafin sharar gona, da nuna wa yara masu kiwo abin da ƙyallen ke nufi.

12. Mun share gari. Ina za mu kai sharar?

Motar kamfanin kwashe shara na Hysacam ba ta zuwa ƙauye, saboda haka sai an raba. Abin da ke ruɓewa, ganye da kara da kashin dabbobi da toka, ya tafi ramin taki, manoma ma za su saya. Leda ce matsala. Gwamnati ta hana ledar da kaurinta bai wuce mikron 60 ba a wata doka ta Oktoba 2012 da ta fara aiki a Afrilu 2014, amma kowa ya ga yadda kasuwanninmu suke. Tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuya. Ƙona ta a tsakiyar gari hayaƙi ne mai cutar da ƙirji. A ware wadda za ta yi renon dashe (tambaya ta 8), sauran a binne a rami nesa da rijiya da hanyar ruwa. Matattun batura kada su shiga wuta ko ramin taki.

Bakin rijiya da famfo su ne gaba da komai. Waɗanda suka ga kwalarar 2010 a Arewa Mai Nisa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30. Masu shara su sa takalmi rufaffe da safar hannu, kuma allurai da sharar asibiti ba aikinku ba ne.

13. Robobin maganin feshin auduga fa?

Kada a zuba ruwan sha ko mai ko nono a ciki, komai wankin da aka yi musu. A ɗauraye sau uku a juye ruwan cikin injin feshi, a huda robar don kada wani ya ɗauka, a tara wuri ɗaya da yara ba sa kai wa, a tambayi malamin gona inda za a kai su. Zagayen gida-gida a kan wannan kaɗai ya isa aikin wata guda.

14. 'Yan mata za su shiga? Waɗanda ba Hausawa ba fa?

Masu ɗebo ruwa da itacen girki su suka fi kowa sanin inda daji ya ƙare. Iyaye kan yarda idan taro da rana ne, a fili, kuma akwai wata dattijuwa da aka naɗa uwar ƙungiya. Inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba, a yi ɓangaren mata da nasa ranar. Gina murhun laka mai tsimin itace da raba dashen cikin gida, su za su iya shiga inda samari ba sa shiga.

Ƙungiyar unguwar Hausawa zalla kuwa ba za ta kare itace daga awakin sauran unguwanni ba. A yawancin garuruwanmu muna zaune ne da Fulani da Giziga da Mundang da Tupuri da Barebari. A yi taro da harshen da kowa ke ji, ko da Fillanci ne, a kuma kauce wa Juma'a da Lahadi da ranar kasuwa.

15. Sai mun nemi izini kafin mu tara jama'a?

Taronku na mako-mako ba ya bukata. Taron jama'a a fili kuwa, dokar 90/055 ta 1990 ta ce a sanar da sufirefe, wato jami'in mulki na gunduma, kwana uku kafin ranar, jerin gwano a kan hanya kuma kwana bakwai. A Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-da-Shari, inda matsalar tsaro take, kada a shiga daji aiki ba da sanin hukuma da 'yan sintiri ba. Lokacin zaɓe za a kawo muku riguna da baro. Baro dai a karɓa da sunan gari a gaban kowa, rigar jam'iyya kuma kowa ya sa tasa ran da ba ranar aiki ba.

16. Wa zai taimaka mana daga waje?

Meri ce ta fi kusa. Bayan ta akwai wakilan ma'aikatar muhalli da ta gandun daji da ta matasa a matakin yanki, da hukumar ANAFOR mai harkar dashe, da reshen Majalisar Matasa ta Ƙasa. Shirin Sahel Vert, wanda aka fara a shekarun 1970 bayan babban fari aka kuma farfaɗo da shi a 2008, ta hannun ma'aikatar muhalli yake bi. Kamaru ta kuma yi alkawarin farfaɗo da ƙasa hekta miliyan 12 kafin 2030, don haka masu neman ƙungiyoyin da za su yi aiki da su ba su ƙare ba. Idan za ku je, ku riƙe takardar rajista da littafin ƙidayar Mayu (tambaya ta 9) da hotunan itatuwan, kuma ku roƙi abu takamaimai: waya ta shinge mita kaza, baro biyu, gyaran famfo.

17. Da an gama girbi samarinmu sai su tafi cirani. Wa zai yi ban-ruwa?

Haka ne, lokacin da dashe ya fi bukatar hannu shi ne lokacin da gari ke zama fayau: wasu sun tafi Garwa da Ngaundere, wasu Yawunde da Duwala, waɗanda suka rage kuma suna karal, wato gonakin laka, wajen masakwa. Tun a Satumba za a zauna a rubuta wa zai tafi, wa zai zauna. Tela da mai shayi da ɗan acaɓa da 'yan makaranta ba sa zuwa ko'ina, a damƙa musu itatuwan da ke kusa da inda suke yini. Na makaranta a raba wa azuzuwa, amma a tuna da hutun ƙarshen Maris, a sa wanda zai riƙe su. Wanda ya tafi bai fita ƙungiya ba: ya turo zubinsa ta Orange Money ko MoMo, a biya mai kura ya kai jarkokin da ke kansa, ma'aji kuma ya riƙa sa hoton shafin littafi a zauren WhatsApp duk ƙarshen wata.